Sensar Motar Malam Nomau

To, ku gyara zama. Wata biyu ke nan wannan magana tana yawo a unguwarmu. Ni kam na gaji da ita, shi ya sa na kawo muku ku raba mana gardama.

Malam Nomau tsohon malamin makaranta ne, ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Duk Litinin da Alhamis sai an kai shi babban asibiti a birni an wanke masa jini, tafiyar awa biyu. Jikinsa ba ya ɗaukar matsin motar haya, don haka matarsa, Hajiya Lantana, ita ke tuƙa shi a tsohuwar motarsu. Shekara uku tana wannan zirga-zirga.

Sai motar ta canza hali. Man da ke kai su ya dawo da su, yanzu tun a hanya yake ƙarewa. Ga baƙin hayaƙi a baya, in an tsaya a danja ta yi ta karkarwa, ga wata fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. An canza filogi, an canza famfon mai, an wanke nozul, duk a banza. Wata Alhamis ta mace musu a tsakiyar hanya da rana tsaka, suka rasa wankin ranar. Kafin Asabar ƙafafun Malam sun kumbura, numfashi sai a zaune. Wani maƙwabci ya ara musu motarsa, amma ya ce mako ɗaya kawai zai iya.

Duk garejin da Hajiya ta je, magana ɗaya ce: a sauke injin, aikin wata guda. Har ta yarda, sai ta biya wajen Baba Sallau, tsohon bakanike da idonsa ya fara rauni. Ya sa ta tayar da motar, ya tsugunna ya shinshina hayaƙin. Ya kwance filogi ɗaya, ya murza baƙin da ke jikinsa a yatsa.

"'Yata, kada ki bari a taɓa injin nan," in ji shi. "Da baƙin mai yake ƙonawa, da kin ga maiƙo. Wannan busasshen baƙi ne. Fetur ake ɗura masa fiye da kima."

"To Baba, me ke ɗura masa?"

"A nan sanina ya tsaya. Ni a kan motocin da, masu kafireta, na tsufa. Je ki wajen Iro mai kwamfuta."

Iro ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Ta nuna masa sensar oksijin, wato 'yar na'urar da ke maƙale a bututun salansa tana auna hayaƙi, tana gaya wa ƙwaƙwalwar motar ta ƙara fetur ko ta rage. Da wani ne, nan zai tsaya, amma Iro ya ce na'ura tana nuna unguwa ce, ba ta nuna gida. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko iska na shiga ta wata ɓula, ya jira injin ya yi zafi yana kallon awon. Maimakon awon ya riƙa hawa da sauka, sai ya kwanta ƙasa bai motsa ba. Sensa biyu ne a motar. Iro ya nuna ta sama, ta kusa da injin.

"Mama, wannan ce ta mutu. Kullum cewa take mai bai isa ba, ita kuma motar sai ta ƙara."

Sanin cutar bai cire ta ba. Sensar ta yi tsatsa ta haɗe da bututun, Iro ya gwada har sifana ta fara zamewa, ya janye hannu. Sabuwar da aka sayo a kasuwa don maye gurbinta kuma, da ya auna ta, jabu ce. Hajiya ta zauna a kan benci, ta ce ita dai ta gaji.

Nan aka kira Barau mai walda, wanda aikinsa salansa ne. Ya yini kwance a ƙarƙashin motar, yana gasa wurin da wuta, ya bari ya huce, ya juya sensar kaɗan, ya sake gasawa. Da ya yi gaggawa ta karye a ciki, da bututun gaba ɗaya ya tashi aiki. Bayan la'asar ta fito lafiya, hannunsa duk ƙuna. Washegari ya rufe rumfarsa, ya ɗauki matacciyar sensar zuwa Kano, ya bi masu sayar da kayan tsofaffin motoci har ya sami irinta sak. Ya dawo ya ɗaura, Iro ya jona na'ura, awo ya fara hawa da sauka. Hayaƙi ya washe. Ranar Litinin Hajiya ta kai mijinta asibiti a kan lokaci, kuma tun daga nan ba su sake fashi ba.

Yanzu ga inda gardamar take. Za a faɗaɗa titin da su ukun ke sana'a a bakinsa, duk rumfunansu za su tashi. Malam Nomau yana da ɗan fili kusa da tasha, ya ce zai ba da shi kyauta don godiya. Rumfa ɗaya yake ɗauka, kuma wutar walda ba ta zama wuri ɗaya da fetur. Babu wanda ya roƙa a cikinsu. Hajiya ta ce a ba Baba Sallau, don ba don shi ba da an farke injin mai lafiya, kuma ba shi da ƙarfin sake neman wani wuri. Malam ya ce Iro, shi ya kama ainihin cutar. Maƙwabta suka ce a dubi hannun Barau.

To jama'a, ku faɗa mini: cikin Baba Sallau da Iro da Barau, wa ya kamata a ba filin nan?