Farfesa da Kajinsa Ɗari Biyu

Akwai wani mai kiwon kaji, Farfesa ake ce masa, don ko me ka tambaye shi sai ya zaro waya ya karanto maka amsa.

Shi ya koya wa ƙanensa Auta kiwo. To shekara biyu kacal, kajin Auta suka fi nasa kyau, masu saye suka koma can. Mamansu kuma kullum "Auta kaza, Auta kaza." Farfesa na murmushi, amma ciki kamar ya haɗiyi garwashi.

Wata safiya ya shiga ɗakin kaji, ya tarar uku sun mutu, saura sun yi jugum, fukafukai a ƙasa.

Ya hau intanet. Nan aka ce mura ce. Can aka ce ciwon hanji. Wani a guruf ɗin masu kiwo ya rantse zafi ne. Ya ƙara bincike, kansa ya ƙara ɗaurewa.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka kira Auta mana."

Ya ce, "In kira wa? Yaron da ni na koya masa riƙe ƙwai?"

"To ai ƙwan ya ƙyanƙyashe."

Bai yi dariya ba. Kuma ku san shi, zama cikin rashin sani ya fi masa ciwo da komai. Sai ya sayo magungunan duka ukun da ya gani, ya juye a ruwan shansu, wai dole ɗaya ya dace.

Washegari arba'in a ƙasa.

Matar ta kira Mama a ɓoye, Mama ta turo Auta. Ya zagaya ɗakin, ya duba, ya ce, "Yaya, gaskiya ban san mene ne ba."

Wallahi sai da Farfesa ya ji sanyi a ransa. Ya ce, "Au, gwanin Mama bai sani ba?"

"Ban sani ba. Shi ya sa ba zan ba su komai ba tukuna."

Auta ya zubar da ruwan maganin, ya ware marasa lafiya gefe. Ya ɗauki matattu biyu da ɗan abincinsu ya kai wa likitan dabbobi.

Sakamako ya fito: abincin ne. Buhunan sun sha danshin bango, ƙasansu ya yi fumfuna. Likita ya ce da an canja abinci tun ranar farko, da ko goma ba za su mutu ba. Haɗin magungunan ne ya ƙarasa masu rauni.

Kafin a shawo kan abin, wasu da yawa sun bi. Cikin ɗari biyu, casa'in suka rayu.

Da Mama ta zo jaje, Farfesa ya ce, "Ai ni tun farko na zargi abincin."

Auta ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya ci gaba da ɗora buhuna a kan katako.

Wannan "haka ne" ɗin ya fi mutuwar kajin yi masa zafi.

Darasi: In amsoshi suka yi maka yawa, tsaya, ka ce ban sani ba, ka nemi wanda zai duba da idonsa. Kar hassada ta hana ka tambayar na ƙasa da kai. Tura wa Farfesan gidanku, kowa na da shi.