Busasshiyar Ƙasa ga Fuljan Bibi

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bakin dajin Sundarban. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma kukan da ya sha ya ishe shi.

Ya 'yan uwa, kun san yadda teku yake ta matsowa shekara bayan shekara. Shi ya sa hukuma ta ƙara tsayin ganuwar ƙasa da ta raba ƙauyen da kogin gishiri, ta yi shela cewa kada kowa ya huda ta. Mutumin nan har da shi aka yi dakon ƙasar a ka.

Mahaifiyarsa, Fuljan Bibi, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, kuma burinta ɗaya ne ya rage.

"Babana," takan ce masa tana taunar ganyen pan, wanda shi ne goron mutanen can, "in na mutu, gefen ubanka za ka sa ni, a gindin kwakwar nan ta maƙabarta. Ya saba da mitata, kada ka bari ya huta."

"Inna, ke da za ki binne mu duka," in ji shi, yana dariya yana matsa mata ƙafa.

Yana sonta ƙwarai. Sai dai ya ga masu kiwon jatan lande sun yi rufin kwano, shi kuwa shinkafa ce sau ɗaya a shekara. Jatan landen kuma sai da ruwan gishiri. Wata Juma'a, mutane na masallaci, ya haƙa gindin ganuwar, ya cusa bututu zuwa gonarsa, ya rufe da laka da ciyawa.

Wani dattijo maƙwabcinsa, Kubbat Gazi, ya ga wurin a jiƙe. Ya ce, "Ɗana, wace ƙaguwa ce ta haƙa nan? Ko mai gemu ce?"

"Ɗan bututu ne, Kawu, bai fi hannun jariri ba. Me zai yi wa wannan uban tudu?"

Ba a jima ba tsohuwa ta kurɓi ruwan tafkin gida, ta riƙe shi a baki. "Babana, wa ya sa wa ruwanmu gishiri?" Ya ce bakinta ne, tsufa ne. Ta shafa kansa. Wane ɗa ne zai ga uwarsa ta karɓi ƙaryarsa don kada ya ji kunya, sannan bai je ya cire bututun ba? Shi dai bai je ba.

Da guguwa ta taso daga teku, aka kwashe mutane zuwa benen makaranta. A bayansa ya goya uwarsa ya hau da ita. Ganuwar ta tsaya daram a ko'ina, sai wuri ɗaya. Ruwa ya bi gefen bututun, ya cinye lakar, ya buɗa wa kansa ƙofa. Ƙauyen ya zama kogi. Maƙabarta ta nutse, sai kan kwakwa ake hange.

Ruwan ya ƙi janyewa. Zazzaɓi ya kama tsohuwa a benen. Kafin ta cika ta lalubo hannunsa ta ce, "Kada ka manta da kwakwar."

Aka sa gawarta a kwale-kwale. Kubbat Gazi, wanda shi ma ruwa ya tafi da gidansa, shi ya karɓi sandar tuƙi. Da suka zo daidai kwakwar, mutumin ya karɓi sandar ya zura cikin ruwa. Har hannunsa ya nutse ba ta taɓa ƙasa ba. Can a wani gari mai tudu aka ba su wuri, aka binne ta cikin baƙi.

Ya 'yan uwa, ganuwa amana ce, a bayanta kowa yake kwana, rayayyu da matattu. Wanda ya huda abin jama'a don cikinsa, bai san ta kan wa ruwan zai fara ba. Wannan ya goyi uwarsa zuwa bene, amma ya kasa ba ta ƙasar da ta roƙa.

Allah ya ji ƙan Fuljan Bibi, ya karɓi tuban ɗanta. Allah ya kiyaye mu daga ramin da muke rainawa.