Ƙwallon Dabino a Aljihun Malam Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da waya ba ta shiga aljihun kowa ba, ana kiransa Malam Jatau. Bakanike ne, amma ba ya taɓa inji. Shi aikinsa ƙarƙashin mota, can baya inda ido ba ya kaiwa: sifirin, da ƙarafan da ke riƙe tayoyi, da robobin da ke tsakaninsu. Shekara talatin yana wannan aiki a gindin wata tsamiya, mota ba ta taɓa komo masa da ciwon da ya yi mata magani ba. Shi ya sa gari ya sa masa suna Malam Sau-ɗaya. Ba shi da gidan bene, ba shi da gona. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Ku saurara ku ji yadda yake aiki. Noti na ƙarafan baya ba a ɗaure shi tamau mota tana rataye a kan jak. Sai an sauke ta, ta zauna da nauyinta, sannan a shiga rami a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robobin su murɗe su yage. To don kada ya manta, duk notin da ya bari sako-sako sai ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a aljihu. In ya ɗaure, ya fitar ya yar. Aljihu ya zama wayam, aiki ya ƙare. Allah ya jiƙan mutanen da.

Ran nan wani saurayi, Nafi'u, ɗan wani attajiri, ya kawo masa wata jar mota mai ƙofa biyu. An canja mata inji, an faɗaɗa tayoyi, salansarta tana ruri har kaji na watsewa. Gobe Juma'a za a yi wasan mota a filin bayan gari.

"Baba, so nake a sauke mini bayanta ƙasa, a sa sifirin mai tauri. In na murɗa kan nan, bayan ya zame ya dawo inda na ce."

"Kai dai ba ka son ƙashinka," in ji Malam Jatau yana dariya. "Kawo makulli."

Ya canja sifirin, ya daidaita tsayin dama da hagu da igiyar awo, ya sauke mota. Noti huɗu, ƙwallo huɗu. Ya ɗaure na farko, na biyu, na uku. Yana kai sifana kan na huɗu sai ya ji salati daga gidan maƙwabta. Amininsa ne, wanda suka yi karatun allo tare, Allah ya yi masa rasuwa. Ya ajiye sifana ya tafi. Da shi aka yi wanka, da shi aka kai makwanci. Ya dawo idonsa jawur ya tarar da Nafi'u yana jira, sai ya miƙa masa makulli kawai.

Washegari da hantsi matarsa Tabawa tana wanke masa kayan aiki. Shekara ashirin da bakwai tana juye aljihun nan, ba ta taɓa samun komai ba sai ɓawon goro. Ta zo ta tsaya a kansa, hannunta duk kumfa.

"Malam, yau ka bar mini tsaraba."

Ta buɗe tafin hannu. Ƙwallon dabino, guda ɗaya.

Jama'a, nan ne jarrabawar take. Zuciya ta ce masa, wataƙila ka ɗaure, yarwa ce ka manta. Zuciyar ta ƙara cewa, ko wani abu ya faru, wa zai ce kai ne? Cewa za a yi gudu ne ya ja wa Nafi'u, kowa ya san yaran nan. Ta ce, shekara talatin fa, Jatau, shekara talatin.

"Tabawa, in na je gaban mutane, sunan ya tafi."

"Ni ba Sau-ɗaya na aura ba," ta ce. "Ga sifanarka."

Ya hau keke ya nufi gidan su Nafi'u, aka ce tun asuba ya fita. Ya duba masallacin Juma'a sahu-sahu, bai gan shi ba. Ana sallamewa ya miƙi hanyar fili da farar rigarsa. Ya tarar gari ya taru, ga jar mota a kan layi, ana shirin sakinta. Ya jefar da keke ya shiga gabanta ya tsaya.

Nafi'u ya leƙo ta taga. "Baba, lafiya? Matsa mana."

"Kashe, zan gaya maka magana."

"Faɗi daga nan, ba na ji."

Ya so ya faɗa a kunne, Allah bai nufa ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Aikin da na yi maka jiya ban gama ba. Na manta noti ɗaya. Laifina ne."

Sai wani ya ce daga baya, "Ashe Sau-ɗaya ya zama Sau-biyu." Dariya ta ɓarke. Bai waiwaya ba. Ya sa aka hau da tayoyin baya kan bulo, ya kwanta cikin turɓaya da rigar Juma'arsa ya kutsa ƙarƙashi. Can ya kira Nafi'u.

"Miƙo hannunka. Taɓa nan."

Yaron ya sa yatsu biyu ya juya, notin ya faɗo masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa, ya kalli kwanar da zai shiga da gudu da mutanen da suka yi cincirindo a bakinta, har da masu goyo. Sai ya miƙa wa Malam Jatau notin, aka mayar aka ɗaure tamau.

Kuna tsammani zan ce gari ya yi masa tafi? Ba a yi ba. Sunan Sau-biyu ya bi shi har kabari. Wasu masu motoci suka ɗauke ƙafa, suka ce tsufa ya kama shi. In yara suka kira shi da sunan, sai ya amsa, "Na'am," ya ci gaba da aikinsa. Amma Nafi'u ya roƙi ƙwallon nan a wurinsa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi furfura, kuma duk motar da ya saya sai ya ajiye ƙwallon a gabanta. In aka tambaye shi, sai idonsa ya ciko.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Mutumin kirki yana kuskure kamar kowa. Abin da ya raba shi da sauran, in ya gane kuskurensa zai je ya faɗa da bakinsa, ko da sunansa zai zube, don ran wani ya fi sunansa. Kai tela, kai magini, ke mai ba da magani, kai malamin makaranta, akwai aikin da ka miƙa ka san bai kammala ba, mai shi yana can ya amince da kai. Ba wanda ya sani sai kai da Ubangijinka. Kafin ka isa gida yau, sa hannu a aljihunka ka laluba. In ka ji wani abu, juya kekenka tun ba a saki motar ba.