Rediyo da Keken da Ya Ɓata

Jama'ar wannan shafi, ku matso. Akwai wani direba da ake kira Rediyo, don idan ya buɗe baki sai dai ka gaji ka tashi. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani shagon ɗinki.

Mai shagon kuwa, Hajiya, ta daɗe tana aikin rubuta shaida a kotu kafin ta yi ritaya. Har yau idan kana magana, kallonka take kamar ka rantse.

Wata Talata aka aiki Rediyo ya karɓo babban keken surfani daga wajen mai gyara. Ranar Alhamis aka nemi keke, ko sama ko ƙasa. Rediyo ya ce ya miƙa wa mai sito. Mai sito ya ce bai gani ba.

Hajiya ta kira su ɗaya bayan ɗaya, har sau uku. Mai sito bai taɓa sauya ko kalma ba: "Ranar Talata da ƙarfe huɗu na share sito, na ƙirga yadi, na kulle, na tafi."

Rediyo kuwa, Allah sarki. A karo na farko ya ce ana yayyafi ranar. A na biyu rana ce ƙwal. A na uku har wata akuya ta shigo ta tare masa hanya.

"A kotu, shaidar da take sauyawa ta rushe," in ji Hajiya. "Rediyo, ajiye mini makullin mota yanzu, sauran bayani ka yi wa 'yan sanda."

Nan take shago ya juya masa baya. Teloli suka fara ɓoye almakashinsu idan ya wuce.

Ƙanin Hajiya, malamin wasan kwaikwayo ne, yana gefe yana jiran a rage masa wando. Duk ya ji. Ya ce, "Yaya, ni fa wancan mai siton ne ban yarda da shi ba."

"Wanda maganarsa ɗaya?"

"Shi. Ku a kotu kuna kiranta shaida. Mu idan mutum ya maimaita magana sau uku, numfashi ma a wuri ɗaya, hadda muke kiranta. Shekara ashirin ina koyar da ita."

Hajiya ta harare shi. "Wasa daban, shari'a daban."

"To ba ni minti biyar."

Aka kira mai sito. Malam ya ce, "Ba ni labarin nan, amma daga ƙarshe zuwa farko. Kafin ka kulle, me ka yi?"

Mai sito ya ce, "Ranar Talata da ƙarfe huɗu..."

"A'a, daga ƙarshe."

Mai sito ya sake farawa daga Talata da ƙarfe huɗu.

Malam ya juya ga yayarsa. "Shi kuma Rediyo, ki zubar da akuyar da yayyafin. Me ya rage a duka ukun?"

Hajiya ta tuno labaran uku. Kunnen tsohuwar ma'aikaciyar kotu ba ya mantuwa. A hankali ta ce, "Yatsa. Kowane karo ya ce teburin keken ya matse masa yatsa a ƙofar sito."

Suka je. Ga busasshen jini a jikin katakon ƙofar, ta ciki. Ga farcen Rediyo ya yi baƙi ƙirin. Kafin la'asar mai sito ya faɗi gidan da ya kai keken.

Kunya ta rufe Hajiya. Ta miƙa wa Rediyo makulli da hannu biyu, ta ce ya yafe mata. Kowa ya zuba kunne, ana jiran labari na huɗu, wataƙila da zaki a ciki.

Rediyo ya karɓa, ya dubi yatsansa. "Na yafe, Hajiya. Ƙarin gishiri kam ina yi, kowa ya sani. Amma shekara goma sha ɗaya, ko allura ta taɓa ɓata a motata?"

Ranar, har aka tashi aiki, ba a sake jin muryarsa ba.

Darasi: Kowace sana'a da awon da take yi wa magana, kada ka ɗauka naka ne kaɗai mudu. Tsararren zance ba shi ne gaskiya ba, mai surutu kuma ba lallai ne maƙaryaci ba. Ka tura wa wanda ka san yana saurin yanke wa mutane hukunci.