Sallamar Gidan Iya Hanne

To, ku gyara zama. Wannan magana ba ni zan yanke ta ba, in na kai ƙarshe ku za ku yi shari'a.

A Funtuwa an yi wani tela, Malam Nomau, wanda ya kama haya a gidan wata dattijuwa, Iya Hanne. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta guda kuma yana can Kudu, sai an daɗe ake jin ɗuriyarsa. Tana zaune a ƙaramin ɗaki kusa da zaure, Malam Nomau da iyalinsa suna sashen ciki. A gidan aka haifi 'ya'yansa uku, Lantana da Barau da Jibo, a bayan Iya Hanne kuma suka girma. Zama ya yi daɗi har wanda bai sani ba sai ya ɗauka uwa ce da ɗanta. Ranar da aka yi jana'izar matarsa, Malam Nomau ya ce wa tsohuwar ba zai bar gidan ba sai dai a fitar da shi a makara.

Amma ido ya fara gazawa, zare ya daina shiga allura. 'Yan'uwansa na ƙauye suka gyara masa ɗakin mahaifinsa, suka ce ya dawo gida ya huta. Ya so komawa, sai dai alkawarin nan ya tsaya masa a wuya. Ya tara 'ya'yansa, ya ce da kaka za su kwashe kaya a hankali, sai mota ta tsaya a ƙofa sannan a gaya wa Iya, don ba zai iya kallon idonta ba.

Lantana, wadda ita ce babba, ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ta ce, “Baba, da sallama muka shigo gidan nan. Ba za mu fita kamar ɓarayi ba.”

Tun damina ba ta sauka ba ta ƙulla goro a gefen zane, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Iya Hanne, ta faɗa mata komai: in an girbe gero za su tashi, ga dalili, kuma sun zo da wuri ne don ta samu sararin shiryawa. Tsohuwar ba ta taɓa goron ba. Ta juya fuska bango, ta ce ashe bakin namiji ma yana da ƙofa biyu. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsu. Duk fushin kan Lantana ya sauka, uban ma ya yi ta ganin laifinta. Duk da haka kullum sai ta kai wa Iya koko da safe, a dawo mata da kwanon yadda ta kai, gobe ta sake kaiwa. Sai da aka kwana biyu sannan tsohuwar ta huce, har ta ce in sun tashi ita za ta koma babban soron ciki, don ɗakinta ya yi mata ƙunci.

Barau magini ne. Da ya ji Iya za ta koma soron, ya ce ba a mayar wa mutum gidansa a lalace, yadda aka karɓa haka za a miƙa. Ya bar aikin da ake biyansa, ya hau rufin don ya yi yaɓe ya gyara indararo. Yana taka wani gefe sai ya ji ƙasa ta lotsa. Da ya tona, ya tarar ruwan da ke tsattsafowa shekara da shekaru ya ruɓar da kawunan azara, ikon Allah kaɗai ke riƙe da rufin. Ya sauke shi gaba ɗaya, ya nemo sababbin azara, ya ɗora, ya shafe da makuba. Hannunsa har ya tsage. Da ruwan ƙarshen damina ya zo da ƙarfi, soraye biyu masu irin shekarunsa suka rufta a layin. Wannan bai ko ɗiga ba, alhali tun Barau na gamawa Iya ta sa aka kai gadonta ciki, su kuma suka matsa ɗakunan gefe.

Jibo, autansu, direba ne a tashar mota, ya san mutane kamar yunwar cikinsa. Ya ce gini ba ya ba tsohuwa ruwa in ta ji ƙishi, abin dubawa shi ne wanda zai shigo bayansu. Dillalai suka yi ta kawo masu nema, wasu har da alkawarin ƙara abin haya. Jibo ya roƙi Iya ta ba shi dama ya bincika. Ya bi unguwannin da kowannensu ya taɓa zama, yana tambayar maƙwabta halinsu. Ya mayar da mutum bayan mutum, har dillalan suka fara zaginsa. Daga bisani ya samu wani malamin firamare, Malam Isiyaku, da matarsa Dije, waɗanda tsohon maigidansu ya ce ya yi kuka ranar da suka bar shi. Su ya kawo.

Kaka ta yi, aka yi sallama a tsakar gida da rana tsaka, aka yafi juna. Malam Nomau ya durƙusa ya nemi gafarar alkawari, Iya Hanne ta ce ta yafe.

Bayan tashinsu, wata ranar zafi, Dije ta lura hantsi ya yi Iya ba ta fito alwala ba, kuma ba ta ji tarinta ba. Da wata ce, da ta ce ina ruwanta. Ita kuwa ta tura ƙofar soron, ta tarar da tsohuwar a ƙasa, jiri ya kayar da ita, numfashi sama-sama. Ta kira mijinta, suka kai ta asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Da Iya Hanne ta warke, ta aika aka kira 'ya'yan Malam Nomau. Ta ce tana da ɗan fili a bayan gari, mai bishiyar mangwaro, wanda ɗaki ɗaya kawai zai ɗauka, ba ya rabuwa uku. Ta ce, “Tun ina da rai nake so in ba ɗayanku, wanda ya fi tsaya mini. Na kwana ina tunani, na kasa zaɓa.”

Cikin su ukun babu wanda ya ce shi ne.

Ga maganar nan a gabanku. Da Lantana ba ta faɗa da wuri ba, mai niyyar sulalewa ba ya hawa rufi, ba ya neman magaji. Da Barau bai sauke azara ba, da soron ya rufta kan tsohuwa tun kafin kaka. Da Jibo ya bar dillalai sun kawo wanda suka ga dama, da ta ƙarasa a bayan ƙofa ba wanda ya leƙa.

To, ku faɗa mini: cikin Lantana da Barau da Jibo, wa ya kamata Iya Hanne ta ba filin?