Hotunan da Cikgu Rosdan Ya Hana a Kwafa

Cikgu Rosdan, wato Malam Rosdan, tsohon malamin makaranta ne a garin Kota Tinggi, cikin jihar Johor mai maƙwabtaka da Singapore. Mutumin kirki ne, amma fa akwai rowa, kuma ba ta abinci ba. Ya gaji wani akwatin ƙarfe cike da hotunan da kakansa da mahaifinsa suka ɗauka: buɗe hanyar da ta ratsa teku zuwa Singapore, shigowar sojojin Japan bisa kekuna, ranar samun 'yancin kai. Kaf garin babu mai irinsu. Sai ya ɗaga maka ɗaya daga nesa, ya mayar ya kulle.

'Yarsa Suraini ta yi magiya har ta gaji.

"Abah, kwana biyu kacal, in kai a kwafa."

"A kwafa? Gobe in tarar da kakana manne a rumfar mai shayi, ana zuƙar taliya a gabansa? Ke, rabu da ni."

"In wani abu ya same su fa?"

"Shekara tamanin me ya same su?"

A ƙarshen 2006 kogi ya cika ya shigo gari. Gidansu a kan dogayen ginshiƙai yake, don haka akwatin yana sama lafiya lau. Da ruwa ya janye, Cikgu ya ga hotunan sun sha danshi. Ya sauko da su ɗakin ƙasa, ya baza kan tabarma, ya kulle, ya tafi ɗaurin aure garin Muar. Kafin ya tafi Suraini ta roƙi mukulli, ya jefa abinsa a aljihu.

Ashe ruwan bai gama ba. Ya dawo, ya ma fi na farko. Suraini ta yi ta dukan ƙofar nan har masu kwalekwale suka janye ta.

Sai bayan sati Cikgu ya samu hanyar dawowa. Hotunan sun manne da juna cikin laka. Ya ɓamɓaro ɗaya ya shafa, fuskar mahaifinsa ta biyo yatsansa. Bai yi kuka ba, bai ma ji komai ba. Ya goge yatsan a zanin da ya ɗaura irin na mazan can, ya ɗauki na gaba.

Suraini ta tsugunna kusa da shi, ta nuna wata inuwa a takardar.

"Abah, wannan wane ne?"

Ya daɗe yana kallo.

"Ban sani ba," in ji shi.

Jama'a, tarihin mutane amana ne a hannun wanda ya riƙe shi, ba dukiyarsa ba ce. In Allah ya sa wani abu na magabata yana wurinka, ka bari a gani, a kwafa, a ajiye a wurare da yawa tun kana da dama. Wanda ya ƙanƙame shi shi kaɗai, ranar da ya rasa, da shi da garinsu duka suka rasa.