Makullin Taraktar Malam Tanimu

To, ku gyara zama. An ce kun iya gardama, yau zan gani da idona.

A wata unguwa a bayan Kaduna akwai wani dattijo, Malam Tanimu mai furanni. Shekara talatin yana gyara wa mutane harabar gida, ya baje ƙasa, ya dasa ciyawa, ya jera shuke-shuke, duk da shebur da baro. Baron nan ne ya cinye masa baya, har ya kai ko takalminsa ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka. Ana cikin haka aka ba shi aikin da bai taɓa samun irinsa ba: sababbin gidaje goma sha biyu, da sharaɗin ya gama kafin ruwan farko. In ya kasa, a miƙa wa wani kamfani, shi kuma sunansa ya mutu a sana'ar. Sai ya sayar da gonarsa ta gado, ya kira 'ya'yansa uku, ya ce, "Ku samo mana ƙaramar tarakta. Ni kam bayana ya gama aiki."

Babban, Tasi'u, bai je wurin dillali ba sai da ya ɗauki igiya ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, yana auna ƙofa da lungun da ke bi zuwa baya. Magina na ta yi masa dariya, wai ko tela ya koma. A wurin dillali aka nuna musu wata jibgegiyar tarakta ja, har ƙannensa suka haɗiyi yawu. Tasi'u ya miƙa igiyarsa, ya ga ta fi ƙofa faɗi da taƙi biyu. Ya ce sam. Ya nuna wata 'yar mitsitsiya a gefe, wadda dillalin ma kunyar nunawa yake yi. Ita suka saya, ta kuwa shige kowace ƙofa ko bango ba ta goga ba.

Amma tarakta ba kayan aiki ai jaki ne ba mangala. Nan na biyun, Balarabe, ya shigo. Dillali ya dage sai sun ɗauki garma, don a ganinsa duk mai sayen tarakta manomi ne. Balarabe kuwa ya riga ya haƙa ƙasar wurin da hannunsa, ya san marmara ce da ɓaraguzan bulo, garma ba za ta kai azahar ba. Ya zaɓi bokitin gaba na kwasar ƙasa, da manjagara mai haƙoran ƙarfe da ke farfasawa tana bajewa. Bai tashi ba sai da aka cire tayoyin gona masu kaushi aka sa masu laushi, kada su riƙa yanka ciyawar mutane.

Autarsu, Karimatu, ita ke renon furanni, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ranar gwaji ta lura in an cire manjagara daga baya aka cika bokiti, tayoyin baya suna yin sakayau. Ta faɗa. Yayyenta suka ce, "Ke dai je ki ba furanninki ruwa." Wallahi ta ji haushi! Ta samu rabin duro, ta cika shi da kankare, ta sa mai walda ya yi masa marataya, ta tsaya kai da fata sai an rataya shi a baya. A gida na goma sha ɗaya akwai gangare mai faɗawa kwari. Tasi'u ya gangaro da bokiti cike da marmara, sai bayan taraktar ya ɗaga sama, kowa ya yi salati. Duron nan ne ya dawo da ita ƙasa. Tasi'u ya sauko, ya kasa kallon ƙanwarsa.

Suka gama aiki saura kwana biyu ruwa ya sauka. Malam Tanimu ya yi hawaye don murna. Sai ya zaro makullin tarakta, ya ce wanda ya karɓe shi, shi ne shugaban sana'a daga yau, sauran su bi shi. Ya ɗaga hannu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, hannun ya tsaya a sama.

Kada wanda ya ce mini a ba babba don shi ne babba, wannan amsar ragwaye ce. Ku auna aikin kowa. A cikin su ukun, wa ya fi cancanta a danƙa wa makullin nan?